Jiran Sha-kauci a Saman Soronmu na Jarwal

Lahadi, 1 ga Sha'aban, bayan la'asar

Suhaila, autata, ta zo da kwalaye cike da bayan motarta, ta jibge mini su a tsakar ɗaki ta ce, "Yalla ya Ummi, a fara." Littafin nan ma ita ta ba ni, wai in riƙa rubuta abin da na zuba a kowane kwali don kada mu sha wahalar nema a Shisha, unguwar da za mu koma. To ga shi ina rubutu, ba za ta ce ban ji magana ba.

Tun cikin Rajab masu jan fenti suka bi lungunmu na bayan Jarwal, a nan Makka, gida-gida suna sa alamar rusau. Kalmar da suka rubuta a bangonmu ba zan maimaita ta a nan ba, ko ba komai rubutun mutumin ba kyau. An ce kafin a ga watan azumi kowa ya tashi, daga ranar ba wuta ba ruwa. Suhaila da mijinta Bandar sun kama mana shagga, wato ɓangaren gida, a benen da suke, ɗaki biyu da falo, fes da ita. Ni ƙaura ba ta dame ni ba. A goye aka fito da ni daga Gadarif, kafin in yi wayo na kwana a gari uku.

Malam ne matsalar. Jiya da Suhaila ta ce za ta turo motar kaya mako mai zuwa, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Wallahi ba zan kwana a Shisha ba sai Ango ya zo." Tun da na aure shi ban taɓa jin ya rantse ya janye ba, don haka ni da Suhaila muka kalli juna kawai.

Bandar, bawan Allah, ya ɗauka wani baƙo muke jira daga Kano, har ya tambayi jirgin da zai hawo don ya je Jidda ya ɗauko shi. Na yi dariya har da hawaye. Ango tsuntsu ne. Mutanenmu sha-kauci suke ce masa, Larabawa su ce tumair. Bai fi babban yatsana ba in an cire wutsiya. Kansa kore mai sheƙi, cikinsa rawaya, ga zare biyu dogaye yana ja a baya. Ni na raɗa masa suna, don shekara guda ba a ganinsa, sai ƙarshen sanyi ya faɗo da kwalliyarsa ya sha furen zogalen da ke saman soronmu, ko sallama babu.

Litinin, 2 ga Sha'aban, hantsi

Dalal ta bugo. Malamar makaranta ce a Jidda, kakanta Bazazzagi, Hausarta kuwa sai a hankali. Kullum gaisuwarta ɗaya ce: "Sannu da gida Khala, yaya tsuntsu?" Yau na ce mata tsuntsu lafiya, mutane ne dai sai addu'a.

Ita ce shugabar ƙungiyarsu ta masu kallon tsuntsaye a waya. Ta yi karatu a Amurka, ta ce can akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai tsayawa cak a iska, har da baya yake tashi. Mutane sukan rataya masa ruwan sukari a jar kwalba, duk wanda ya fara ganinsa a shekara ya faɗi rana da wuri, a ɗiga a taswira, sai a ga yadda yake hawa arewa gari-gari, a kuma gane ko bana ya yi sammako ko ya makara. Da ta dawo ta ce ai mu ma muna da namu. Yanzu taswirarta cike take da ɗigo, Ɗa'ifa, Jumum, Jidda, amma a tsohuwar Makka ɗigo ɗaya ne, saman soronmu. Shekara goma sha ɗaya Malam bai taɓa fashi ba.

Dokarsu kaɗan ce: ka gani da idonka, ka faɗi rana da lokaci da wuri, kada ka ƙara kada ka rage. Malam ya riƙe dokar nan fiye da yadda ya riƙe awon jallabiya lokacin yana ɗinki.

Na haɗa kwali guda, na zuba tsofaffin labulaye.

Talata, 3 ga Sha'aban, bayan azahar

Zali ta tashi yau. Gidanta ne ke kallon namu ta bayan soro, shekara talatin muna miƙa wa juna gishiri ta taga. An loda komai har da igiyar shanya, sai zogalenta da ke cikin rabin duro ta bari a sama, ta ce masu kaya sun ce bayansu ba na ƙarfe ba ne. Ta rungume ni tana kuka, na ce mata haba Zali, Utaibiyya ce fa ba Sin ba, tasi ɗaya ne.

Na dawo na daka yaji. Masu Umra suna nan tafe, ba za su tambaye ni ko ina ƙaura ba, yaji da kuka da daddawa za su tambaya.

Alhamis, 5 ga Sha'aban, magariba

Gida biyu suka tashi yau. Ban leƙa ba.

Lahadi, 8 ga Sha'aban, bayan asuba

Na kunyata kaina da sassafe. Na tuna bara ranar takwas ga Sha'aban Ango ya zo, don ranar ce aka yi sunan jikar Zali. Sai na soya ƙosai, na ɗauki shayi na hau sama da fara'ata na ce, "Malam, yau ce ranar, na kawo maka na tarbar baƙo."

Yana zaune a kujerarsa ta roba da darbil ɗinsa, madubin hangen nesan nan da Dalal ta aiko masa, rataye a wuya. Ya dube ni ya dube ƙosai ya ce, "Asiya, kin taɓa ganin tsuntsu ya fita duban wata?"

"To da me yake lissafi?"

"Da rana, da zafi, da fure. Ki ƙara kwana goma a kan na bara, ki kuma bar ƙosan a nan."

Na bar masa ƙosan, na ce ya ci da lissafinsa. Amma zogalen kam ya yi kyau. Ya fi Malam tsawo, ya fara fitar da fure fari-fari, ƙamshi har matakala. A lungun nan kowane gidan Bahaushe da zogalensa a duro, sai dai ba wadda ke barin nata ya yi fure, da ya ɗago kai an tsinke. Namu kaɗai ke da gata, don Malam ya kafa doka tun daga Rajab ko ganye ɗaya ba a taɓawa. Ni da zogale a gidana, kasuwa nake aikawa a sayo mini busasshe. Matan lungu sun sha yi mini tsiya a kan wannan.

Laraba, 11 ga Sha'aban, la'asar

Suhaila ta duba kwalaye ta ce, "Ummi, madafa fa? Ko cokali ba ki ɗauka ba."

Na ce, "To in na naɗe tukwane mahaifinki ya ci me? Ai ba ni na yi rantsuwa ba."

Ta ce haka ne. Ta kwashe kayan falo ita da Bandar, suka bar mana tabarma da talabijin. Falon ya yi girma, in na yi tari sai in ji wata ta amsa.

Asabar, 14 ga Sha'aban, hantsi

Mai tamis na bakin lungu ya rufe. Yanzu sai an gangara har titi kafin a samu burodin karyawa, Malam kuwa ba ya sauka kafin hantsi kada Ango ya zo bayansa. Na yi mana kunun gyaɗa. Ya fi tamis daɗi ma, ban san me ya sa muka daina ba.

Dalal ta turo hoton taswira. Jidda ta kunna, Jumum ta kunna. Malam ya ce to yana hanya, daga gaɓar teku yake farawa. Ya aske gemu ya sa turare, na ce wa za ka burge, kai ko shi?

Litinin, 16 ga Sha'aban, bayan azahar

Na ɗauko turmi daga cikin kwalin da Suhaila ta sa shi. Wata mata ta aiko tana son yaji mai citta. Ni ƙaura ba ta dame ni ba, amma ba zan kori ciniki ba.

Laraba, 18 ga Sha'aban, la'asar

Yaya Hadijatu ta iso daga Utaibiyya da ƙullin kayanta. Yayar Malam ce, ta girme shi da shekara shida, ita kaɗai ce a duniya ke ce masa "Kai Abdu" ya amsa da "Na'am Yaya." Kunnenta ya yi nauyi amma hannunta bai gaji ba. Ta ce ta zo ta taya ni haɗa kaya, kuma ba za a watse daga lungun nan ba a yi Sha'abana ba. Gaskiyarta. Kowace shekara kafin azumi mukan shimfiɗa tabarmi a lungu, kowa ya kawo abin da ya dafa, a ci a yi hira a yafi juna. Bana gida biyar muka rage, ta ce biyar ɗin ma mutane ne. An sa gobe bayan magariba.

Ta shiga madafata ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke Asiya, wannan madafar mai tashi ce?" Na ce ta zauna ta sha ruwa tukuna.

Zogale ya cika da fure yau, har rassan sun sunkuya. Malam ya ce gobe ko jibi.

Juma'a, 20 ga Sha'aban, hantsi

Bari in rubuta abin da ya faru jiya yadda ya faru.

Suhaila ta zo da azahar ta ɗauki Malam zuwa awon jini, da ƙyar, sai da ta yi masa alkawarin tsuntsu ba ya yawo da tsakar rana. Layi ya riƙe su. Ni ina madafa ina kwaɓa ƙullin waina. Yaya ta ce za ta hau sama ta shanya mayafinta. Ta daɗe. Na ji kamar ana sara wani abu, amma hannuna duk ƙullu ne, kuma ai lungun nan yanzu kullum ana buge-buge, masu cire ƙofofi da tagogi.

Sai ga ta ta sauko da zani cike a ka, ta juye a babban faranti tana haki tana murna. "Kun bar abinci yana lalacewa a sama! Ina amfanin a bar wa masu rusau? Na sassabe shi tas, furen ma na tsince daban, da ƙwai za a soya."

Na dubi farantin. An riga an sare, ko na yi ihu ba zai koma ba. Na ce Yaya, Ango fa? Ta ce, "Wane ango? Wa ke aure?"

Ba ƙarya, kwaɗon ya yi daɗi. Ta dafa ganyen ta matse, ta sa ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan man gyaɗa. Malam ya dawo ana kiran magariba, daga masallaci ya zarce kan tabarma. Ya ci ya ƙara. Ya ci ƙwan nan mai fure yana lumshe ido, ya ce rabonsa da irin wannan tun mahaifiyarsu na da rai. Maza suna ta santi. Can ya ɗago ya ce, "Ina kuka samo ɗanyen zogale haka a garin nan?"

Mata suka dubi Yaya. Yaya ce kaɗai ba ta ji tambayar ba, tana ta miƙa masa faranti tana cewa, "Ƙara Abdu, naka ne ai, na gidanka."

Ya dubi hannunsa. Ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, don Malam ba ya wulaƙanta abinci ko da na baƙin ciki ne. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Ya tashi ya hau sama. Da aka yi mata bayani da ƙarfi a kunne, ta ɗora hannu a ka ta ce ita ta ɗauka zancen tsuntsun nan wasa ne irin na Abdu. Sauran mutane suka rasa ko su yi dariya ko su yi jaje, suka yi duka biyun. Ni ma haka.

Yau da safe na kai masa shayi. Sanda ce tsaye a duro, ko ganye ɗaya babu. Yana zaune a gabanta da darbil a wuya kamar kullum.

Juma'a, bayan la'asar

Tausayinsa nake ji, wallahi tausayinsa nake ji. Na kuma rasa dalilin da ya sa na yi barcin rana mai daɗi haka.

Asabar, 21 ga Sha'aban, azahar

Na tuna zancen Dalal na jar kwalba. Na dama sukari a ruwa, na zuba a jan murfin fulas, na ɗaura a jikin sandar. Kafin hantsi duk tururuwan Jarwal sun hallara, da alama su ba a yi musu jan fenti ba. Bayansu ƙudan zuma. Ɗaya ya harbi Malam a kunne, kunnen ya yi suntum, yanzu hularsa a karkace take zama.

Yaya kuma ta aika gidanta aka kawo mata furannin roba na kan talabijin ɗinta, ja da ruwan hoda, ta wanke su da sabulu ta hau da kanta ta ɗaɗɗaure a sandar da zare. Ta ce, "Tsuntsu ne fa, ina ya san na roba?" Malam ya ce, "Na'am Yaya." Da ta sauka na ga kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa. Muka zauna muka yi ta tare har cikina ya ƙulle.

Lahadi, 22 ga Sha'aban, bayan magariba

Suhaila ta zo da shirinta. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Abuya, rantsuwa tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, halas, an gama, ni zan dafa da hannuna."

Ya ce, "Na sani. Ni na koya miki."

"To ko mu tura wa Dalal hoton bara? Wa zai gane? Tsuntsu duk tsuntsu ne."

Ya kafe ta da ido, ta sunkuyar da kai ta ce astagfirullah. Sannan ta biyo ni madafa ta rufe ƙofa. Ta ce mako guda ya rage, in aka yanke wuta ba na'urar sanyaya ɗaki, ba firjin da za a sa maganinsa, ga hawan jini, ga azumi, ga lungu ba kowa in wani abu ya faru. Ta ce, "Ummi, ke kaɗai yake ji. Ki yi masa magana." Na ce zan yi. Ta dubi tukwanena a jere a kan kantar madafa, sannan ta fita.

Ban yi masa maganar ba yau, kunnensa na ciwo.

Litinin, 23 ga Sha'aban, hantsi

Malam ya sauko da wuri yau yana 'yar waƙarsa ta zamanin ɗinki, wadda ba ta da baiti sai gunguni. Ya cinye kunu ya nemi ƙari. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, iska ce mai daɗi a sama. Ya tsaya a ƙofar madafa, abin da ba ya yi, yana bin kwanuka da ido. Ya ce, "Ba ki fara nan ba?" Na ce ina zan fara alhali ba ranar tashi. Ya ce haka ne, ya koma sama.

Yaya ta koma gidanta. Ta bar mana furanninta, ta ce amana.

Talata, 24 ga Sha'aban, la'asar

Gida biyu muka rage.

Laraba, 25 ga Sha'aban, bayan azahar

Na wanke tagar madafa. Ban san ranar da na fara sayar da yaji ta tagar nan ba, Suhaila dai ba a haife ta ba. Wurin da mata ke dafa hannu in suna jiran awo ya yi santsi, fentin ya cinye. Innata ma nan take zama da carbinta a shekarunta na ƙarshe, tana yi wa masu saye tsegumin farashina. Na wanke sosai, har da soso.

Suhaila ta bugo sau uku. Na ce mata ina lallaɓa shi.

Ni dai ƙaura ba ta dame ni ba.

Alhamis, 26 ga Sha'aban, hantsi

Dalal ta bugo wayar Malam, ya dubi sunan ya miƙo mini ya ce in ce yana alwala, ya kuwa tashi ya je ya yi alwalar don kada in yi ƙarya. Ta ce, "Khala, ko'ina ya kunna, har Ɗa'ifa mai sanyi. Saura ku. Ammi Abdulƙadir lafiya?" Na ba ta labarin kwaɗo. Ta ce, "An ci... an ci wurin binciken?" Na ce da ƙuli-ƙuli. Ta yi dariya har wayar ta faɗi, ta ɗauka tana ba da haƙuri. Ta ce in bai zo ba ba komai, rashin zuwa ma labari ne, za ta rubuta bai zo ba. Na ce kada ta yi gaggawa.

Bandar ya ce motar kaya Asabar da safe, ko da rantsuwa ko babu, in ya so Malam ya kwana a mota a ƙofar bene, ai mota ba Shisha ba ce. Suhaila ba ta yi dariya ba.

Juma'a, 27 ga Sha'aban, bayan an sauko daga masallaci

Bari in rubuta.

Da safe na kai shayi sama. Malam ba ya gaban sandarsa, ya ja kujera can bangon baya, wajen ramukan bulo da iska ke shigowa. Ni tun da Zali ta tashi ba na zuwa wannan ɓangaren, ba abin da zan gani. Amma ba zan ajiye masa shayi a nesa ba, na ƙarasa. Ina sunkuyawa idona ya faɗa ta ramin.

Soron Zali fari fat. Zogalenta da ba ta taɓa bari ya wuce ƙugu ba ya miƙe ya yi fure, tankinta na ɗiga a gindinsa. Na bayansa ma haka, da na gidan mai tamis, da na can gaba inda aka riga aka cire ƙofofi. Duk lungun da ba kowa ya yi fure, tunda ba mai tsinka. Ga su nan a kai, ba ɗaya ba, ba biyu ba, suna ta shawagi da zarensu, matan kuma masu launin ƙasa suna bin su. Ɗaya ya rataye da ƙafa kansa a ƙasa yana sha.

Na saki kofin. Na ce, "Malam! Malam, ga Ango! Ga su nan da yawa!"

Ya ce, "Masha Allah." A zaune. Ko darbil bai ɗaga ba.

Na ce ya yi maza ya gaya wa Dalal kafin su tashi. Ya ciro waya a hankali, ya danna wurin magana, ya gyara murya irin ta kowace shekara: "Salamu alaikum 'yata Dalal. Abdulƙadir ne daga Jarwal. Tumair, namiji, da cikakkiyar wutsiya, a kan furen zogale, soron maƙwabta, na gani daga nawa. Ganin farko ranar Litinin, huɗu ga Maris, bayan fitowar rana kaɗan. Ki yafe jinkirin sanarwa. Wannan ne na ƙarshe daga nan."

Na ce, "Malam, ka yi kuskure, yau Juma'a."

"Na sani."

"Ka ce Litinin."

"Litinin na gan shi. Ba zan ba yarinyar mutane ranar ƙarya ba."

Na tsaya ina kallonsa da karkatacciyar hularsa. Na ce to tun Litinin me muke yi a nan, Suhaila na kuka, Bandar na faɗa, ni ina ta ba mutane haƙuri a kanka?

Ya sunkuya ya tsince fasassun kofin ɗaya-ɗaya ya tara a tafinsa. Ya ce, "Ni nawa ya zo, Asiya. Na leƙa madafa na ga ke ba ki gama ba. Na ce bari su ci gaba da zagina, na fi ki iya ɗauka."

Na ce ni ƙaura ba ta... Na zauna a ƙasa, kan siminti, na yi kukan da ban yi ba ranar jan fenti, ban yi ba ranar Zali, ban yi ba ranar da aka kwashe falo. Ba na son tafiya. Ga shi na rubuta. Ba na son barin tagata, ba na son hawa na uku, ba na son madafar da ba wanda zai leƙo ya ce Asiya a ba ni na riyal biyu. Malam bai ce in yi shiru ba. Ya cire darbil ya rataya mini, ya ce in duba na kan reshen sama, ya fi sauran rashin kunya. Na duba ina sharar hanci. Gaskiya ne, ya fi su.

Juma'a, la'asar

Na bugo wa Suhaila na ce ta zo da kwalaye da tsofaffin jaridu na naɗe kwanuka. Ta ce, "Abuya ya yarda?" Na dubi Malam, ya ɗaga mini gira. Na ce mata eh, da ƙyar na shawo kansa.

Shi ke miƙo tukwane ina jerawa. Bai san murfin kowacce ba, duk ya haɗa mini su a gauraye, na bar shi.

Asabar, 28 ga Sha'aban, hantsi

Motar kaya ta zo. Mun sauko tare. Ni ce a gaba.